Filin Sani Abacha ko gidan kallo, wanne ya fi?

Samarin garinmu nan gefen Bichi sun dame ni da tambayar nan, to ga abin da na gani.

Kuɗin tikitin wasan ƙwallon Kano Pillars ba shi ne matsalar ba wallahi, kuɗin mota ne, ka biya zuwa Kano ka hau adaidaita zuwa Ƙofar Mata inda filin yake ka sha ruwa ka ci abinci, sannan a tashi dab da magariba ka kamo hanya cikin dare. Gidan kallo kuwa da canjin aljihunka ka shiga, ka zauna kan benci ka ga Arsenal ko Madrid, in an tashi ka taka da ƙafa zuwa gida. Sai dai zafin kwano da musu, janareta kuma ya mutu ana shirin buga fanareti.

Amma ranar da na ji filin nan ya ɗauka da "Sai Masu Gida", ganga na tashi, tsigar jikina ta tashi, talabijin ba ta taɓa ba ni wannan ba. Akwai turereniya a ƙofa kam, ka riƙe wayarka da kyau.

Mai lallaɓa aljihu da ke son kallo duk sati, gidan kallo ya ishe shi. Masoyin Pillars na gaske kuwa ya tara kuɗi ya je babban wasa ko sau ɗaya a kaka.