Ƙaramin samfurin jirgin Huey na yaƙin Biyetnam da littafin tarihin da ya zo da shi

Na sayi wannan samfurin roba na jirgi mai saukar ungulu ƙirar UH-1D, wanda aka fi sani da Huey, a wani kantin intanet, kuma na kwashe maraicen kwanaki tara ina harhaɗa shi da gam da fenti. An ƙera shi a ma'aunin ɗaya bisa 48, saboda haka gangar jikinsa ba ta wuce santimita 27 ba. A cikin kwalin akwai tambarin Runduna ta 1 ta Dakarun Doki ta Amurka, wato garkuwa mai ruwan ɗorawa da baƙin layi a karkace da kan doki, da kuma ɗan littafi kan tarihin bataliyar jirage ta 229 ta wannan runduna.

Ta fuskar ƙira, aikin ya gamsar da ni. Farfela mai fikafikai biyu, wadda bugunta ya sa ake jin zuwan jirgin tun daga nesa, ta zauna daidai a kan gindinta, manyan ƙofofin gefe suna zamewa baya, kuma an fito da kujerun matuƙa da allon na'urori da kyau. Matsalar da na samu ita ce gilashin gaba, wanda bai shiga mazauninsa ba sai da na goge gefensa, sannan takardar umarni ta haɗa matakai biyu a hoto ɗaya, abin da zai rikita sabon shiga.

Littafin ne ainihin dalilin da ya sa na saya, kuma farkonsa yana da amfani ƙwarai. Ya bayyana yadda kamfanin Bell ya fara tayar da wannan jirgi a 1956, da yadda lambarsa ta farko, HU-1, ta haifar da laƙabin Huey, duk da cewa sunansa na hukuma Iroquois ne. Ya kuma bi sawun gwajin da aka fara a sansanin Fort Benning na jihar Jojiya a 1963, na kai sojojin ƙasa fagen daga ta sama maimakon ta mota, har zuwa 1965 da aka tura Runduna ta 1 ta Dakarun Doki zuwa An Khe a Biyetnam ta Kudu.

Shafukan da suka fi kama zuciya su ne na ranar 14 ga Nuwamba, 1965, a kwarin Ia Drang. Jirage 16 ne suka riƙa jigilar bataliyar Laftanar Kanar Hal Moore zuwa wani fili da aka laƙaba wa X-Ray a gindin tsaunin Chu Pong, kashi bayan kashi, domin ba za su iya kwashe mutanen a tashi ɗaya ba. Da wutar dakarun Biyetnam ta Arewa ta yi tsanani har jiragen kwasar masu rauni suka daina sauka, matuƙa biyu na bataliya ta 229, Manjo Bruce Crandall da Kyaftin Ed Freeman, suka ci gaba da shiga da harsasai da ruwa, suna fitowa da waɗanda aka jikkata. Sai bayan shekaru da dama aka ba su lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, Freeman a 2001, Crandall kuma a 2007.

A nan littafin ya tsaya, kuma wannan ne babban aibinsa a wurina. Bai ambaci abin da ya faru kwana uku bayan haka a wani filin saukar jirage na kusa da aka laƙaba wa Albany ba, inda aka yi wa wata bataliyar kwanton ɓauna, Amurkawa 155 suka mutu. Bai kawo sunan Nguyen Huu An, kwamandan dakarun Biyetnam ta Arewa a wannan artabu ba, balle ɗaruruwan mutanensa da suka rasa rayukansu. Haka nan bai faɗi cewa daga cikin jiragen Huey kimanin 7,000 da suka yi aiki a Biyetnam, fiye da 3,000 sun halaka ba, alhali kowannensu yana tashi ne da ma'aikata a ciki.

Mai son aikin hannu zai ji daɗin kuɗinsa, muddin yana da haƙurin gyara gilashin. Wanda kuwa zai saya wa ɗansa domin ya koyi tarihi, ina ba shi shawara ya zauna tare da yaron ya ba shi labarin Albany da bakinsa.