Ƙwallon kaza da nyoki a miyar kirim: tukunyar lantarki ko tukunyar kan gas?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwarmu ta yi tambaya a kan wani girki na salon Italiya, wato ƙwallon naman kaza da nyoki a cikin miyar kirim na madara. Ta ce an ba ta kyautar tukunyar lantarki irin mai dafa abinci a hankali, kuma ta ji ana cewa ana zuba komai a ciki tun da safe a rufe, da yamma a tarar da abincin dare ya kammala. Abin da take son sani shi ne ko hakan ya fi dafa shi a tukunyar da aka saba a kan gas, kuma idan akwai bambanci, a ina yake. 'Yar'uwa, a ganina tukunyar lantarki tana ɗauke miki tsayuwa a kan girki ne kawai, ba ta ƙara wa wannan abinci daɗi, kuma shawarar zuba komai lokaci guda ita ce babban abin da yake lalata shi.

Nyoki, wanda a jikin leda za ki ga an rubuta gnocchi, dankalin turawa ne da aka dafa aka murje, aka haɗa da fulawa, wani lokaci da ƙwai, aka mulmula kamar igiya aka yayyanka ƙanana. Dahuwarsa irin ta ɗan wake ce: ana jefa shi a tafasasshen ruwa, da zarar ya taso sama, cikin minti 2 zuwa 3, ya nuna. A birnin Rum an san shi da abincin ranar Alhamis, a birnin Berona na Italiya kuma har ranar biki gare shi a duk shekara. Amma a can Italiya an fi cinsa da miyar tumatir ko da bota da cuku, ƙwallon nama kuwa akushinsa daban. Haɗa su wuri guda a cikin kirim a tukunyar lantarki salon girkin Amurka ne, kamar yadda ita kanta tukunyar daga can ta fito. Kamfanin Rival ne ya fitar da ita kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971, kuma asalinta tukunyar dafa wake ce da wani mutum mai suna Irving Naxon ya ƙirƙira. Wannan asali ya isa ya nuna miki inda ta fi ƙwarewa, wato wake, ganda, ƙafar saniya da duk naman da sai ya daɗe a wuta yake laushi. Girkin da kika tambaya kuwa ya tsaya ne a kan abubuwa uku, niƙaƙƙen naman kaza, kirim da nyoki, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake son doguwar wuta.

Haɗin ƙwallon iri ɗaya ne ko da wace tukunya za ki yi aiki. Ga rabin kilo na niƙaƙƙen nama, ki jiƙa yankan burodi biyu a madara har su yi tuɓus, ki matse su kaɗan, ki haɗa da ƙwai ɗaya, tafarnuwa, gogaggiyar albasa, gishiri, masoro da ɗan gogaggen cuku. Wannan jiƙaƙƙen burodi shi ne yake riƙe danshi a cikin naman, kada ki raina shi. Naman cinya ya fi na ƙirji dacewa saboda ɗan kitsen da yake da shi, kuma a tukunyar lantarki ma kusan dole ne, domin tsokar ƙirji idan ta kwashe awanni a zafi tana komawa kamar dusa a baki. Niƙaƙƙiyar kaza tana da danƙo, don haka ki shafa mai a tafin hannu kafin ki fara mulmulawa, sannan ki sa ƙwallayen a firij kamar rabin awa su ɗan kama jikinsu.

Daga nan hanyoyin biyu suke rabuwa. A kan gas za ki soya ƙwallayen a man zaitun ko man gyaɗa har su yi ja ta kowane gefe, ki kwashe, ki soya albasa da tafarnuwa a cikin wannan man, sannan ki zuba romon kaza ki kankare abin da ya manne a gindin tukunyar da muciya. Wannan ɗan jan da ya manne, wanda wasu suke ɗauka ƙonewa ce su wanke, shi ne rabin ɗanɗanon miyar. Ƙwallayen suna komawa ciki su ƙarasa nuna a minti 10 zuwa 15. Tukunyar lantarki ba ta iya yin wannan aiki, domin zafinta na ruwa ne da tururi, ba ya kai inda nama zai soyu. Idan kika jera ɗanyen ƙwallo a ciki, zai nuna, amma zai fito fari fat, wasu su manne da juna, wata kumfa mai ruwan toka ta taru a saman romon. Mafita ita ce ki fara soya su a kasko na minti 5 kafin ki juye, wanda ke nufin wankin kaskon da aka ce za ki huta da shi yana nan yana jiranki. Bayan haka awa 3 zuwa 4 a ƙaramin zafi, ko kamar awa 2 a babban zafi, sun wadatar. Awa 8 da ake yi wa naman sa ba na kaza ba ne. Ta kowace hanya, cikin ƙwallon dole ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ba ki da na'urar aunawa, ki tsaga mafi girma daga cikinsu ki tabbatar babu sauran ja.

Akwai inda tukunyar lantarki ta yi zarra, kuma ya kamata a faɗa. Albasa, tafarnuwa da busasshen tumatir suna narkewa a cikinta sannu a hankali har ƙamshinsu ya ratsa romon gaba ɗaya, kuma ba ta kamu ta ƙasa, alhali miyar da aka bari a kan gas aka je amsa sallama tana iya kamawa. Busasshen tumatir ɗin da masu wannan girki suke sayowa a kwalba da tsada, kauɗarmu ta kasuwa tana maye gurbinsa sarai, muddin aka wanke ta aka rege yashi aka jiƙa a ruwan zafi ta yi laushi. Sai dai murfin tukunyar lantarki yana tare tururi ya mayar da shi ciki, saboda haka ruwan da kika zuba ba ya raguwa, har ma ƙaruwa yake yi da wanda nama da albasa suka saki. Idan a kan gas kofi biyu na romo kike sa wa, a nan kofi ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. Wadda ta manta da wannan za ta buɗe murfi ta tarar da farfesu maimakon miya mai kauri.

Kirim shi ne inda aka fi yin asara. Wanda ake nufi shi ne mai kauri, mai kitse kusan kashi 35 cikin 100, kuma yawan kitsen nan ne yake hana shi tsinkewa. Ko shi ɗin, idan ya kwashe awanni a zafi tare da tsamin tumatir, yana rabuwa, mai ya taso sama, ƙananan gudaji su bazu a miyar. A kan gas lamarin yana hannunki, domin za ki rage wuta, ki zuba, ki juya, kina gani da idonki har ya haɗe. A tukunyar lantarki sai a minti 20 zuwa 30 na ƙarshe ake zuba shi. Idan kirim ya yi wuyar samu ko ya yi tsada, madarar gwangwani marar sukari tana jure zafi fiye da ɗanyar madara, sai ki dama cokali ɗaya na garin sitacin masara a ruwan sanyi ki ƙara don kauri. Kindirmo da yogot kuwa ki bar su, domin da sun ji tafasa suke tsinkewa.

Abu biyu ne Musulma za ta lura da su a irin waɗannan girke-girke na Turai. Da yawa suna sa farar giya a miyar ko su gauraya naman alade a ƙwallon, kuma romon kaza da ɗan matsin lemon tsami a ƙarshe suna ba da ɗan tsamin da ake nema daga giyar. Na biyu shi ne cuku. Wanda aka fi ambata shi ne Parmigiano Reggiano, wanda ake yi a yankunan Parma, Reggio Emilia da Modena da kewayensu, ana ajiye shi aƙalla wata 12 kafin a sayar, kuma ana daskarar da madararsa da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. Wadda take son kauce wa shubuha sai ta nemi cuku mai tauri mai ɗauke da shaidar halal. Ko wanne kika samu, yana da gishiri sosai, don haka ki jinkirta gyara gishirin miyar har sai ya shiga.

Shi kuma nyoki, na leda da na gida ba hali ɗaya gare su ba, kuma wannan ya fi zaɓin tukunya muhimmanci. Na leda, wanda ake samu a manyan kantuna, yana da fulawa da yawa kuma yana da ƙwari, saboda haka ana iya zuba shi ɗanye kai tsaye cikin miya. A kan gas minti 4 zuwa 5 ne, a tukunyar lantarki kuma minti 20 zuwa 30 a babban zafi tare da kirim, murfi a rufe, kuma sitacin da yake saki yana taimaka wa miyar ta yi kauri. Idan aka zuba shi tun farko ya kwashe awa 4, sai ya sha ruwa ya kumbura ya narke, abincin ya zama talge.

Na gida ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma ya fi rauni. Ana dafa dankalin da ɓawonsa don kada ya sha ruwa, a ɓare shi da zafinsa, a murje ta rariya ko da cokali mai yatsu, a baza shi a faranti tururin ya fice. Kada ki kai shi injin markaɗe, domin zai yi yauƙi ya ƙi haɗuwa. Ga kilo ɗaya na dankali, fulawa giram 250 zuwa 300 ake sa wa, kuma cuɗawar ta zama kaɗan, da zarar ƙullin ya daina bin hannu a tsaya. Dankalinmu na Filato yana yi, sai dai sabon haƙa yana da ruwa, ya sa ki yi ta ƙara fulawa har nyokin ya yi tauri, don haka wanda ya ɗan kwana biyu a ajiye ya fi. Ki yanki guda ɗaya ki gwada a ruwan zafi tukuna: idan ya taso da siffarsa, santsi a waje, laushi a ciki, ƙullin ya yi, idan kuma ya watse sai a ƙara fulawa kaɗan. Irin wannan ba a dafa shi a tukunyar lantarki ko kaɗan. Ana tafasa shi daban a ruwan gishiri, a tsame da matsami, a zuba a miyar dab da za a ci. Alayyahu ma a wannan lokacin yake shiga, domin zafin miyar kaɗai ya isa ya risina shi.

Idan aka lissafa lokaci, ban da rabin awar da ƙwallayen suke yi a firij, girkin kan gas da nyokin leda yana kammala cikin minti 40 zuwa 45 kina tsaye a kansa. Na tukunyar lantarki yana cin kamar minti 20 na haɗi da suya, sai awa 3 zuwa 4 da babu ruwanki da shi, sai kuma rabin awa na ƙarshe da dole kina gida. Wannan tsari yana amfanar wadda za ta fita unguwa ko ɗauko yara daga Islamiyya, kuma a watan azumi yana da daɗin sha'ani, domin za ki ɗora bayan Azahar, ki fuskanci kunu da ƙosai, ki zuba kirim da nyoki ana saura rabin awa a sha ruwa. Wadda take fita aiki tun bakwai na safe sai biyar na yamma kuwa, wannan girki bai dace da ranar aikinta ba.

Sai maganar wuta, wadda masu rubuta waɗannan girke-girke a Amurka ba sa sa ta a lissafi. Tukunyar ba ta jan wuta da yawa, yawancinsu ba sa wuce wat 200 zuwa 300, saboda haka inbata ko sola mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarta. Haɗarin yana ga ɗaukewar wuta ba kya gida, domin kaza da ta zauna tsakanin digiri 5 da 60 na awanni tana tara ƙwayoyin cuta, kuma dawowar wuta daga baya ba ta ba da tabbacin cewa abincin ya tsira. Shawarar ma'aikatar noma ta Amurka ita ce, idan hakan ta faru ba kya nan, a zubar da abincin ko da ya yi kama da nunanne, idan kuma kina nan, ki juye shi nan take a tukunya ki ƙarasa a kan gas. Saboda wannan dalili ne ma ba a sa daskararren nama a ciki sai ya narke. Tun da kyauta aka ba ki, ki juya gindin tukunyar ki karanta abin da aka rubuta, domin wadda aka yi don kasuwar Amurka tana aiki da bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma idan aka jona ta babu taransifoma za ta ƙone.

Ni dai idan ina gida, kan gas nake zaɓa, saboda suya da kaurin miya da kirim duk suna ƙarƙashin idona. Idan abincin ya rage, ki sa shi a firij kafin ya yi awa 2 a waje, kuma ki sani nyoki zai ci gaba da shan miyar har washegari, don haka wajen ɗumame ki ƙara ɗan romo ko madara, ki ɗumama a tukunya a kan ƙaramar wuta har ya yi zafi sosai. Ba a ɗumame a tukunyar lantarki, domin tana daɗewa kafin ta ɗauki zafi.