Faifan opera: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wata ƙanwata da muke ƙungiyar mawaƙa ɗaya a cocinmu nan Jos ta kawo mini wayarta rai a ɓace. Ta biya an tura mata waƙoƙin opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera shi da waƙa, a mamori a wani shago wajen Terminus, amma duk inda mawaƙiyar ta ɗaga murya sai a ji kamar ana yage leda. Ta ce, "Yaya, haka waƙar take, ko an cuce ni?" Ba haka take ba. An matse fayil ɗin ne har ya rasa rabin abin da ke cikinsa.

Mawaƙin opera ba ya riƙe makirufo a dandali. Da ƙirjinsa yake ratsa kiɗan makaɗa sittin ko fiye, yanzu yana raɗa, an jima yana tsawa. Ɗaukar da ta kasa riƙe wannan tazara ta kashe waƙar. MP3 mai 128 kbps (kbps shi ne ma'aunin yawan bayanin sauti da fayil ke riƙewa a kowace daƙiƙa), wanda masu turi suka fi bayarwa don ya cika mamori da yawa, yakan gaza a manyan muryoyin mata. Mai 320 kbps ya wadatar da yawancin kunnuwa, kuma awa ɗaya tana cin kusan megabait 144. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana ba da wannan matakin ga masu biyan wata. Apple Music kuwa tun 2021 yana ba da sauti marar matsi kamar na CD, sai dai yana shan data sosai, don haka a sauke shi a inda ake da wifi.

Amma ni inda na fi tsayawa shi ne zaɓen ɗaukar kanta, domin opera ɗaya za ka same ta a faifai goma ko ashirin. Ga misalin da nake ba kowa. Shahararriyar mawaƙiyar opera Maria Callas ta ɗauki Tosca, opera da ɗan Italiya Puccini ya tsara, sau biyu a sutudiyo. Ta farko a Milan a 1953, Victor de Sabata yana jagorancin makaɗan gidan opera na La Scala, sauti kuma mono, wato duk daga kafa ɗaya yake fita. Ta biyu a Paris a 1964, da sitiriyo mai faɗi, wato sauti mai fita ta kafa biyu, hagu da dama. Wanda ke bin sabunta zai ɗauki ta biyu. Ni ta 1953 nake cewa a fara saya, don a lokacin muryarta tana kan ganiyarta, a ta biyun kuwa manyan sautukan sun fara rawa. Duk wanda ya taɓa jin tsohon kaset na Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya san ɗan shuuu na kaset ba ya hana murya shiga zuciya. Iyaka dai, kada mai farawa ya koma can baya da 1925, kafin a fara ɗauka da makirufo mai lantarki. Faifan mawaƙin opera ɗan Italiya Caruso na 1902 abin tarihi ne, amma kiɗan siriri ne ƙwarai.

Sai batun sutudiyo da ɗaukar kai tsaye. Ta sutudiyo tsaf take, an maimaita an gyara, ta fi dacewa da mai koyon waƙa da ke son jin kowane harafi da inda ake jan numfashi. Ta kai tsaye akwai tari, takun ƙafa da tafi, wani lokaci murya ta yi nisa idan mawaƙi ya juya baya, amma akwai zafin da sutudiyo ba ta iya haifarwa. Mai son ganin wasan da fassarar Turanci a ƙasa ya duba Met Opera on Demand, manhajar gidan opera na Met da ke Niu Yok, sai dai da dala ake biya. YouTube ya isa ɗanɗano kafin a saki kuɗi.

CD na gwanjo yana da daɗi idan an dace, musamman na kamfanonin Decca, Deutsche Grammophon, EMI, ko Naxos mai sauƙin kuɗi. Buɗe kwalin a gaban mai kaya. Tosca faifai biyu ce, kuma sau da yawa ɗaya ne kawai a ciki. Duba ko littafin baitoci da fassararsu yana nan, domin shi ne rabin darajar kwalin ga wanda ba ya jin Italiyanci. Ɗaga faifan ga haske ka duba karce.

Ƙanwar tawa na ba ta shawara ta daina neman sifika. Ƙaramar sifikar Bluetooth tana ƙara gangar ƙasa, wato bas, ta danne murya, ga ƙarar janareton maƙwabta da ke haɗiye wuraren raɗa. Kuɗin ta sa a hedifon mai waya wanda ke rufe kunne. Ta saya a makon jiya, ta sauke Tosca ta 1953, kuma ranar Asabar bayan gwajin waƙa za mu zauna mu bi baitocin kashi na biyu tare.