TP-Link TL-WN725N: ko shi ne maganin laftof mai yanke waifai idan an zare caja?

Ƙorafin iri ɗaya ne, daga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa har masu shagunan buga takardu na cikin birnin Katsina. Muddin akwai wuta, laftof na jan intanet lafiya lau. Da an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai waifai ya fara jan ƙafa, ko ya riƙa yankewa yana dawowa, ko alamarsa ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ake yawan miƙo wa mai wannan ƙorafi a shago shi ne ɗan adaftan waifai na USB, kuma TL-WN725N na cikin waɗanda aka fi gani. Kaya ne mai kyau a aikin da aka ƙera shi dominsa. Amma a matsalar batir, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin laifin na saitin Windows ne, ba na katin waifai da ke cikin laftof ba.

Shi adaftan ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai kai santimita 2 ba, idan aka soka shi kansa kaɗai ke leƙowa, don haka ana iya barinsa a jiki a jefa laftof cikin jaka. Yana aiki a zangon 2.4GHz kaɗai, kuma gudun da aka rubuta a kwalinsa 150Mbps ne. Wannan lissafin takarda ne, abin da ake samu a zahiri bai kai haka ba, amma ya ishi wanda intanet ɗinsa daga MiFi ko hotsfot na waya yake fitowa. Ba ya ganin zangon 5GHz ko kusa.

Kafin a ciro kuɗi, a fara tabbatar da cewa laftof ce mai laifin. Rauta, wato na'urar da ke raba waifai, in tana jone da bango ita ma tana mutuwa idan an ɗauke wuta, kuma ko an tayar da janareta nan take sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Gwajin gaskiya shi ne a zare caja da hannu alhali akwai wuta. A buɗe Command Prompt, a rubuta ipconfig, a ɗauki lambar da ke gaban Default Gateway (a yawancin MiFi na Huawei 192.168.8.1 ce), sannan a rubuta ping, sai lambar, sai -t, umarnin da ke auna lokacin da rauta ke ɗauka kafin ta amsa. Da caja a jiki amsar kan zo cikin milisakan kaɗan. A zare. Idan lambobin suka yi tsalle zuwa ɗaruruwa, ko Request timed out ya fara fitowa, a mayar da cajar a gani. In komai ya daidaita, to tsimin wuta ne ke aiki, katin lafiyarsa ƙalau.

Dalilin shi ne, a tsarin Balanced da Windows ke zuwa da shi, katin waifai na aiki da cikakken ƙarfi idan yana kan caja, amma a kan batir an saita shi a Medium Power Saving. A wannan yanayi katin yakan sanar da rauta cewa zai ɗan rintsa, ita kuma ta riƙe masa saƙonninsa, ta riƙa yi masa ishara cikin siginar da take fitarwa kusan sau goma a kowane sakan. Rauta mai inganci na riƙe amanar. Wasu masu arha da wasu wayoyin da aka mayar hotsfot kuwa zubar da saƙonnin suke yi, shi ya sa laftof ɗaya za ta yi lafiya a ofis ta ƙi a gida.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, sannan Change advanced power settings. A ƙarƙashin Wireless Adapter Settings akwai Power Saving Mode. A mayar da layin On battery zuwa Maximum Performance. A gangara zuwa PCI Express, a sa Link State Power Management a Off, shi ma a layin batir. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa, alhali shi ne kan sa katin ya ɓace ɗungurungum har sai an sake kunna laftof, saboda hanyar da katin ke magana da uwar kwamfutar ce ke yin barcin da ba ta farkawa daidai. Daga nan a buɗe Device Manager, Network adapters, a danna sunan katin sau biyu, a shafin Power Management a cire alamar da ke gaban Allow the computer to turn off this device to save power. Idan katin na Intel ne, a shafin Advanced a sa Transmit Power a Highest, MIMO Power Save Mode kuma a No SMPS.

A wasu sababbin laftof waɗannan layukan ba sa bayyana. Sai a buɗe Command Prompt da ikon administrator a rubuta:

powercfg /setdcvalueindex SCHEME_CURRENT 19cbb8fa-5279-450e-9fac-8a3d5fedd0c1 12bbebe6-58d6-4636-95bb-3217ef867c1a 0

sannan powercfg /setactive SCHEME_CURRENT. Sifilin da ke ƙarshe shi ne cikakken ƙarfi. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma hasken allo ya fi katin waifai cin wuta nesa ba kusa ba. Rage shi kaɗan ya biya bashin.

Shi kansa batirin yana da hannu. Windows 10 na kunna Battery saver da kanta idan caji ya sauka zuwa kashi 20, ta takura wa manhajojin da ke aiki a bayan fage, sai imel da saƙonni su daina shigowa, mai laftof ya ce waifai ne. Batirin laftof 'yar Beljiyam da ya sha zafin Afrilu na Katsina ba ya jimawa yake kaiwa nan. Umarnin powercfg /batteryreport zai nuna Design capacity (cajin da aka ƙera batirin ya ɗauka) da Full charge capacity (wanda yake iya ɗauka yanzu). In na biyun bai kai rabin na farkon ba, kuɗin adafta gara a tara su a sayi batir.

To, yaushe TL-WN725N ke da amfani? Idan katin ciki ya mutu, ko an yi duk saitin nan an sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da katin) amma yana ci gaba da ɓacewa, ko laftof ɗin tsohuwar HP ko Lenovo ce irin wadda BIOS ɗinta (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ke ƙin karɓar baƙon kati. A nan ya cancanci kuɗinsa: ba kwance murfi, ba taɓa siraran wayoyin eriya biyun nan, baƙa da fara, masu saurin ɓallewa daga kan kati. Windows 10 kan gane shi da kanta. In ba ta gane ba, a duba lambar Ver da ke jikin kwalin a sauko da direban da ya dace da ita ta waya, domin adaftan ya fito kashi-kashi kuma direbansu ba lallai ya zama ɗaya ba. Bayan ya kama, a kashe katin ciki a Device Manager don kada su biyun su riƙa jone wa rauta ɗaya.

Aibinsa na farko shi ne bai tsira daga tsimin wutar ba. Saitin Wireless Adapter Settings na hawa kansa, ga kuma ƙarin USB selective suspend da ke iya kwantar da shi. Wanda ya saye shi bai taɓa saiti ba yana iya komawa gida da matsalarsa, ya ce an sayar masa da jabu. A Power Options, ƙarƙashin USB settings, a sa USB selective suspend a Disabled a layin batir.

Na biyu, eriyarsa ƙanƙanuwa ce, alhali ta laftof na shimfiɗe ne a saman allo. A ɗaki ɗaya da rauta babu matsala. Amma gidan cikin birni mai kaurin katangar ƙasa, rauta na zaure mutum na ƙuryar ɗaki, katin ciki mai lafiya ya fi shi ji. Don irin wannan gida ɗan'uwansa TL-WN722N mai eriya a waje ya fi dacewa, duk da dai yana tokare jaka. Wanda kuma ke ɗakin kwanan ɗalibai, inda kowa ya kunna hotsfot zangon 2.4GHz ya cunkushe, ya duba Archer T2U Nano mai kama zanguna biyu, in dai rautarsa ko wayarsa na fitar da 5GHz.

A shago, kada a gamsu da gwajin da aka yi laftof na jone da caja. A sa a zare ta, a bar ping yana gudana na minti goma, a rufe murfin a buɗe a ga ko adaftan zai farka da kansa, sannan a biya.