Rigakafin NDV-I2 na Vom: ya dace da mai kaji kaɗan

Ga mai kaji goma ko ashirin a bayan gida a Jos, rigakafin NDV-I2 na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ya cancanci kuɗinsa. Yana kare kaji daga cutar Newcastle, wadda ke share akurki da hunturu: koren zawo, kakari, murɗewar wuya, sai mutuwa.

Fifikonsa kan Lasota, wani rigakafin cutar Newcastle ɗin, shi ne jure zafi, abu mai muhimmanci inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Duk da haka a ɗauko shi cikin kula mai ƙanƙara, kada rana ta taɓa shi.

A narkar da shi da tafasasshen ruwan da ya huce. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe shi. Ɗigo ɗaya a idon kowace kaza, har ƴan tsaki, a jira ta ƙifta kafin a sake ta. A ƙarar da shi a ranar. Kariya tana kankama bayan kamar mako 2, a maimaita duk wata 3 zuwa 4.

Ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, ita a keɓe ta. Kashin jini kuma wata cuta ce daban, maganin amprolium take buƙata da busasshiyar shimfiɗa.