Gidan Nike ko Terra Kulture: wanne ya dace da Asabar guda a Legas?

Ƙanwata, kin ce kwas zai kai ki Legas, ranar Asabar kaɗai gare ki, kuma kina son ki dawo Kano da abu biyu: ɗan zane na rataya a falo, da littafin da mai shi ya sa miki hannu a gabanki. An ambata miki gidan Nike da Terra Kulture, wurare biyu na baje kolin zane, kin rasa wanda za ki ɗauka. Na shiga duka biyun fiye da sau ɗaya. A gaskiya buƙatunki biyu ba sa kwana a gida ɗaya, sai kin zaɓi wadda ta fi damun ki.

Gidan Nike yana Lekki. Bene ne mai hawa biyar, an buɗe shi a 2009, kuma ayyukan da ke ciki sun kai wajen dubu takwas. Mai shi Nike Davies-Okundaye, wadda kowa ke kira Mama Nike, haifaffiyar Ogidi ce a Jihar Kogi, an haife ta a 1951, kuma da rini ta yi suna kafin ta tara zanen wasu. Shiga kyauta ne. Da kin sa ƙafa za ki ga bango babu masaka tsinke, zane kan zane tun daga ƙasa har rufi, wasu ma an jingine su a ƙasa suna jiran wuri. Ga sassaƙen itace, ga aikin ƙarfe, ga na duwatsun ado. Wanda bai saba ba idonsa kan gaji tun a hawa na biyu, saboda haka na koyi in haye can sama tukuna, in riƙa saukowa a hankali, in bar hawan ƙasa ya zama na ƙarshe.

Terra Kulture kuwa tana Victoria Island, kan titin Tiamiyu Savage. Wata lauya, Bolanle Austen-Peters, ta kafa ta a 2003. Ɗakin zanenta ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da na Nike, kuma ba a cusa masa kaya. Sau da yawa aikin mutum ɗaya ko na 'yan kaɗan ake bajewa na ɗan lokaci, a sauke, a ɗora na wani. Amma a harabar akwai shagon littattafai, da gidan abinci, da zauren wasan kwaikwayo mai kujeru 400 da aka buɗe a 2017. Saboda wannan haɗin ne ake yawan yin karatun littafi da buɗe baje koli a wurin, kuma a irin wannan ranar ce mai zane ko marubuci yake zama da biro a hannu.

To, ga inda suka rabu. A gidan Nike zaɓi ne ya yi yawa, masu zanen kuwa ba sa nan. Aikinsu ne ya wakilce su. Idan kin yi sa'a kika tarar da Mama Nike da kanta, za ta tarbe ki da fara'a, har takan naɗa wa baƙi ɗaurin gwaggwaro a yi hoto, amma wannan gaisuwa ce, ba zaman sa hannu ba. A Terra zaɓin kaɗan ne, sai dai in kin dace da ranar taro za ki tsaya gaban wanda ya yi aikin ki tambaye shi me ya sa ya zuba ja a nan, me ya hana shi cika wancan gefen. In ba ki dace ba fa? Za ki ga zane, ki sayi littafi, ki ci abinci, ki fito babu sa hannun kowa. Don haka kafin ki yanke shawara, ki duba shafin Terra na Instagram a makon da za ki tafi ki ga ko akwai abin da aka sa ranar Asabar ɗin. Wannan dubawar ita za ta yanke miki hukunci, ba ni ba.

Bari in tsaya a kan maganar sa hannun, don nan ne mutane ke ruɗewa. Sa hannu a littafi tunawa ce: ya rubuta sunanki, ya rubuta nasa, shi ke nan. Sa hannu a zane kuwa shaida ce ta wanda ya yi aikin, kuma tana taɓa farashi. Zanen asali guda ɗaya ne a duniya, mai shi ya riga ya sa hannu a kusurwarsa tun ranar da ya gama. Akwai kuma bugun zane, wanda mai zanen ke sassaƙa allo ko faranti ya buga kwafi ƙidayayye. A ƙasan irin wannan za ki ga an rubuta da fensir, misali 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin, sannan sa hannu a ɗaya gefen. Wannan shi ne daidai aljihun mai farawa. Abin da za ki kiyaye shi ne hoton zane da injin ya buga aka sa a firam. In ba lamba, ba fensir, ki saye shi a kuɗin hoto. Kuma ko me kika saya, ki karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai zane, da sunan aikin, da shekarar da aka yi shi.

Idan kika ci karo da sunan Bruce Onobrakpeya a ƙasan wani bugu, ki tsaya ki duba da kyau ko da ba saye za ki yi ba. Shi ne babban gwanin wannan fanni a Najeriya, kuma a Zariya ya yi karatu. Shi da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suna cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Nakan yi murmushi in na ga mutanenmu suna ɗaukar zane abin Kudu ne zalla.

Ranar taro tana da nata cikas, kada in ɓoye miki. Akan cika, a tsaya gaban zane ana hira da hotuna, ba za ki samu ki ja da baya ki kalli aiki a natse ba. Na taɓa zuwa irin wannan zama a wani ɗan shago, na tsaya sauraron jawabi har ƙarshe, kafin in kai teburin sayarwa littafin ya ƙare. Tun daga ranar nake fara sayen kwafina da na shiga, in rubuta sunana a 'yar takarda in saƙala a ciki, don kada mai sa hannun ya mayar mini da sunana Hauwa'u wani abu dabam.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba amma na san gidajenmu. Idan a gidanku ba a rataya hoton mai rai, gidan Nike ya fi sauƙi a gare ki, domin cikin wannan tarin ba za ki rasa zanen da launi da siffofi ne kawai ba. Ga kuma adire, rinin shuni na Yarbawa, ɗan'uwan abin da ake yi a marinar Ƙofar Mata. Wani ana ɗaure shi kafin a tsoma, wani kuma ana zana shi da kullun rogo, inda kullun ya taɓa shuni ba ya kamawa. Yadi ɗaya mai kyau in aka miƙe shi a firam ya ishi bango. Ya kuma fi sauƙin ɗauka. Zane babba sai dai ki roƙi a cire shi daga katako a naɗe miki kamar tabarma, a sake ɗaurawa a Kano.

Da ni ce ke, in akwai taro a Terra ranar, zan isa gidan Nike da an buɗe, in ba shi awa biyu, in sayi abin bangona, in kamo hanyar Victoria Island tun gosulon titin Lekki bai kankama ba, in ci abincin rana a Terra in jira mai biro. In kuwa babu taro, in bar wa gidan Nike wunin duka, littafin kuma in saya ba sa hannu, in ajiye shi har ranar da marubucin ya zo wani bikin littattafai a Kaduna ko Abuja in kai masa.