Darduma ko madubi? Ni dai madubi zan ce ka saya

Ɗan'uwa, tsakanin darduma da madubin atisayen zura ƙwallon golf a rami da kake ta kai-kawo a kansu, sayi madubi. Duka biyun ina da su. Ɗaya ba ya rabuwa da jakar sandunana, ɗayar kuma tana naɗe a bayan ƙofa tana shan ƙura.

Na yi kusan shekara biyu ina ɓarar da bugun kusa da rami, irin na ƙafa 4 zuwa 5, kuma kusan kullum ta hagu ƙwallon ke wucewa. Na ɗora wa sanda laifi, na ɗora wa ciyawa, har mai yanke ta bai tsira ba. Wata rana wani dattijo da muke wasa tare ya gaji da ƙorafina, ya ajiye madubinsa a kan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ya ce in tsaya yadda na saba. Da na duba sai kunya ta kama ni: kafaɗuna sun karkace hagu, idona kuma ya zarce ƙwallon da kusan faɗin yatsu uku. Ni kuwa a raina a miƙe nake sak. An sha gaya mini haka ina musu, amma gani ya kori ji. A makon nan na sayi nawa.

Ba wani abin a zo a gani ba ne. Faranti ne mai ɗauke da layuka, ɗaya ya nufi rami, wasu sun gitta shi don ka daidaita fuskar sanda da kafaɗa, sai 'yan huji a gefe inda ake kafa turakun ti, 'yan turakun da ake ɗora ƙwallo a kai. Darajarsa tana cikin lissafin nan: faɗin ramin golf inci 4.25 ne, wato milimita 108, kuma inda fuskar sanda ta kalla lokacin da ta taɓa ƙwallo, can ƙwallon za ta fara nufa. In fuskar ta kauce da digiri 1 kacal a nisan ƙafa 10, ƙwallon za ta bauɗe da kusan inci 2, ka ga ta kai bakin rami ke nan. Ido ba ya kama digiri 1, layin madubi kuwa yana kamawa.

Yadda nake yi: in nemi wuri miƙaƙƙe ƙafa 4 daga rami, in kafa turke biyu a gefen kan sanda da ƙyar take wucewa, wasu biyun kuma a gaba kaɗan, ƙofar da ƙwallon za ta bi. Wannan atisayen ƙofa da shi aka san shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods, har da hannun dama kaɗai yake bugawa. In sanda ta taɓa turke, ba sai an gaya maka ka kauce ba. Sai na zura 20 a jere nake tashi, in na ɓarar da ɗaya in koma farko. Da ka kai ta 17 za ka ji hannu ya fara rawa, kuma rawar nan ce ake nema, don ita za ka tarar ranar gasa. Bayan na gama nakan ɗauke madubin in buga 10 ba shi, tunda doka ba ta yarda ka yi amfani da shi ana tsaka da zagayen wasa ba. Kuma kada ka takura wa kanka sai idonka ya sauka daidai kan ƙwallo. Gwanaye da yawa nasu yana ɗan ciki kaɗan. Abin nema ya zama wuri ɗaya kullum.

Darduma fa? To, in ana ruwa ko dare ya yi, ta fi zama haka nan. Tawa irin mai tudu a ƙarshe ce don ƙwallo ta dawo da kanta, sai ta koya wa hannuna duka da ƙarfi, bayan wata biyu kuma ta yi hanya a tsakiya, ko ka buga a karkace sai ta shiga.

Abin da madubi ba zai ba ka ba shi ne awon ƙarfi, kuma darduma mai ƙafa 9 ba ta da shi. Bugu uku a girin ɗaya yawanci daga nesa yake samo asali. Wannan sai a kan ciyawa ta gaske: buga daga ƙafa 20, 30, 40, burinka ƙwallon ta tsaya inda bugu na biyu ba zai tayar maka da hankali ba. Ko ƙwararrun PGA Tour, manyan gasannin golf na Amurka, kusan rabi suke zurawa daga ƙafa 8, don haka ka daina jin haushin kanka a kan na ƙafa 15.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu hoton na ƙwarai za su saka, su aiko maka da roba mai laushi wadda rana ɗaya za ta lanƙwasa ta. Madubin da ya lanƙwashe ƙarya zai riƙa nuna maka kana gyara abin da bai ɓaci ba. In ya iso, ɗora shi a kan tebur ka ga ko ya kwanta lif, ka sa rula a kan layukan. Haka in wani ya ce matsalarka sanda ce, ya tallata maka sanda mai tsada ƙirar Scotty Cameron da arhar da ta wuce hankali, jabu ce, sun cika ko'ina. Mai doguwar sanda kuma in ya ce ka jingina ta da ƙirji, an haramta jinginawar tun 1 ga Janairun 2016.

Riƙe sandarka ta yanzu, sayi madubi mai kauri da hujin turke, ka ba shi minti 10 kafin kowane wasa. In kuma har yanzu ranka na kan darduma, yi mini magana ka ɗauki tawa, na gaji da tuntuɓe da ita.